Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyar Lauyoyi Reshen Bauchi: Shari'ar Talaka Tana Mutuwa Tun A Ofis

Ranka ya daɗe Shugaba, da sauran shugabannin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya reshen Bauchi, da iyayenmu manyan lauyoyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni ba lauya ba ne, akawu ne. Na yi fiye da shekara 20 ina aiki a ofisoshin lauyoyi a cikin garin nan kafin na ajiye. Ni ke buɗe ofis da sassafe, ni ke kai takardu wurin rajistara, ni ke bin masinjan kotu a kai sammaci, ni ke ba baƙo kujera da ruwa idan maigida yana kotu. Da gumin wannan aiki na yi aure, da shi na sa 'ya'yana a makaranta. Don haka ku karɓi maganar nan a matsayin ta ɗan gida, tunda gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Idan kun zauna a majalisa a Wunti ko Ƙofar Ran aka ɗauko hirar lauyoyi, magana ɗaya za ku ji: "An saye lauyana." Duk wanda ya faɗi a kotu abin da yake zato ke nan. A iya shekarun da na yi, da wuya na ga an sayi lauya. Abin da na gani da idona, sau da yawa har na daina ƙirgawa, shi ne sakaci. Ranar da ba a rubuta ba, takardar da aka ajiye ba a san inda take ba, kuɗin mutane da aka zuba a asusun da bai kamata ba, maganar da aka yi da baki a tsaye aka watse kowa da abin da ya fahimta. Bayan haka sai abin da ya fi duka muni ya biyo baya, wato ɓoye kuskure har lokacin gyara ya wuce.

Bari in ba ku labarin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wani dattijo ne, manomi, daga wani ƙauye ta hanyar Ningi. Ya yi shekara huɗu yana shari'ar gona a babbar kotu. Ranar da aka yanke hukunci aka ba abokin shari'arsa gaskiya, muka fito harabar kotu rana ta take, ya cire hula yana share gumi da bakin rawaninsa, ya ce wa maigidana, "Barista, ban yarda ba, a kai gaba." Maigida ya ce, "To Baba, ka je ka nemo kuɗi." Iyakar maganar ke nan. Ba a gaya masa nawa ba, ba a gaya masa zuwa yaushe ba. Ni ina tsaye riƙe da jakar maigida, na san akwai wa'adi, amma na ɗauka ya rubuta a dayarinsa. Shi kuma, yadda na gane daga baya, ya ɗauka ƙaramin lauyan da ke tare da mu zai rubuta. Bayan 'yan makonni ƙaramin lauyan ya samu aikin gwamnati ya tafi. Fayil ɗin Baba ya koma ƙasan kabad, inda muke tara waɗanda aka gama.

Baba ya jira kaka. Ya sayar da wake, ya sayar da bijimi ɗaya daga cikin biyun da yake huɗa da su. Bayan wata biyar ya zo da kuɗin a ƙulle cikin leda, ya zaro daga aljihun 'yar cikinsa, ya zube a kan teburina yana murmushi. Ku kun san abin da ya faru tun kafin in faɗa. Sashe na 24 na dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara wata uku ya bayar a kan hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da alƙali ya karanta hukunci, ko ka karɓi kwafi ko ba ka karɓa ba. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, takardar sanarwar ɗaukaka ƙara ba sai an kai ta Jos, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ke zama, ba. A nan wurin rajistaran kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da ita, tafiyar minti goma daga ofishinmu. Da an buga shafi biyu an shigar a makon farko, da Baba ya nemi sauran kuɗinsa a tsanake.

Ko a lokacin ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Ana iya neman ƙarin lokaci, a kawo takardar rantsuwa mai ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri, a nuna cewa dalilan ɗaukaka ƙarar suna da abin dubawa. Kotuna kuma sun sha faɗa cewa ba sa son hukunta mai ƙara saboda kuskuren lauyansa. Sai dai wannan hanya tana buƙatar lauya ya rubuta da hannunsa cewa shi ne ya yi sakaci, kuma maigidana ya kasa. Ya ce in gaya wa Baba ana kan aiki. Na gaya masa. Ya dawo, na sake gaya masa. Kowane zuwa sai ya biya kuɗin mota daga ƙauye, wani lokaci da ƙullin kuka ko kwalbar zuma na tsaraba. Allah Ya yi masa rasuwa ba a shigar da komai ba. Da 'ya'yansa suka zo karɓar takardu, godiya suka yi ta yi mana, suna cewa mun yi iya ƙoƙarinmu. Maigida ya mayar musu da kuɗin, wannan kam ya yi. Gonar ce ba ta dawo ba. Ina neman gafarar Allah a kan rabona na wannan alhaki, kuma ba na so wani yaro da ke zaune a irin kujerata ya ɗauki irinsa.

Maigidan nan ba mugu ba ne. Mutum ne mai ilimi, mai kyauta, wanda in ya tashi magana a kotu har alƙali yakan ajiye biro ya saurara. Ofishinsa ne ba shi da tsari, komai a kansa yake. Kuma ofisoshi da yawa a garin nan haka suke: lauya ɗaya, ƙananan lauyoyi ɗaya ko biyu masu jiran wata dama, sakatariya, akawu, da dayari guda da ke yawo cikin motar maigida. Ranar da ya yi zazzaɓi ko ya tafi Abuja, ofis ya makance.

Alhali aikinku gaba ɗaya a kan ranaku yake tafiya. Kwana 14 ne kawai a ɗaukaka ƙara idan hukuncin na tsakiyar shari'a ne. Wata uku ne idan jami'in gwamnati za a kai ƙara a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, ƙarƙashin dokar kare jami'an gwamnati, kuma mutane nawa ne aka kora daga aiki suka zauna suna rubuta wasiƙun roƙo har wata ukun ya ƙare, lauya yana kallo? Kwana 21 ne a shigar da ƙarar zaɓe bayan an bayyana sakamako, kwana 14 a rikicin da ya faru kafin zaɓe, kotun zaɓe kuma kwana 180 gare ta. Waɗannan na zaɓe a sashe na 285 na tsarin mulki suke, ba alƙalin da ke da ikon ƙara rana ɗaya a kansu. Maganin abin ba ya buƙatar kuɗi. Babban littafi ɗaya da ba ya barin ofis. Duk wanda ya dawo daga kotu ba zai cire riga ba sai ya rubuta abin da aka yi, da ranar da aka ɗage, da ranar da wa'adi zai cika. Mutum na biyu ya duba ya sa hannu. Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci a zauna minti 30 a karanta na mako mai zuwa da na wata mai zuwa. Mai son ya ƙara da tunatarwa a waya ko kwamfuta ya ƙara, amma ido biyu a kan kowace rana shi ne jigo. A ofis na ƙarshe da na yi wa aiki haka muka yi, kuma ban ga wa'adi ya kuɓuce mana ba har na bari.

Wasu kurakuran ma ba na lokaci ba ne, na alƙalami ne. Tun 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, ba da sunan lauyan da ke cikin rajista ba, ba ta da amfani. A 2012 aka sake kai mata maganar a shari'ar First Bank da Maiwada, ta tsaya a kan bakanta. Shari'o'in da aka yi shekaru ana fafatawa sun rushe saboda layi ɗaya a ƙasan shafi. Batun hatimin ƙungiya da lauya ke liƙawa a takardar kotu ya ɗan fi sauƙi, tunda a 2015, a shari'ar Yaki da Bagudu, kotun ta ce takardar da ba ta da hatimi ana iya gyara ta. Duk da haka gyaran yana cin rana, kuma kowace rana kuɗin mota ne ga mutumin Darazo ko Misau. Ga kuma batun hurumi, wanda ya fi shafar mu a nan. Tun shekarar 2000, a shari'ar Magaji da Matari, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa rikicin mallakar gona zalla, wanda bai shafi gado ko waƙafi ko kyauta da makamantansu ba, ba ya cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Lauyan da bai tsaya ya tantance wannan tun farko ba, zai iya jan mutum shekaru a hanyar da ƙarshenta a ce a koma a faro.

Akwai wata al'ada da na roƙe ku ku dube ta, ta tura yaro ya riƙe wa maigida shari'a. Na sha ganin an miƙa wa ƙaramin lauya fayil ta tagar mota a ƙofar kotu ƙarfe tara saura, a ce, "Je ka ɗauko mana rana." Ya shiga, alƙali ya ce yau sai an ci gaba, ga shaida a tsaye. A idon kotu duk lauyan da ya miƙe ya ambaci sunansa ya san shari'ar. Yaron nan da ya fito daga Misau ya wuce makarantar lauyoyi ta Bagauda ko Yola bara, ko sunan wanda yake karewa bai gama riƙewa ba, sai ya yi wa shaida tambaya biyu ya zauna. Abin da bai tambaya ba ya tafi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za a tura shi, a ba shi fayil tun jiya da yamma, a zauna da shi ko na minti 15.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san ba a son jin ta.

Dokar ajiyar kuɗin waɗanda lauya ke wa aiki tun 1964 take. Ta ce a buɗe asusu daban a banki, kuɗin mutane su zauna can, kada su haɗu da na lauya. Ƙa'idojin aikin lauya na 2007 sun maimaita, na 2023 da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024 ba su sassauta ba. Amma ku tambayi kanku ofisoshi nawa ne a Bauchi ke da irin wannan asusu kuma suke amfani da shi. Na ga yadda abin ke faruwa a kusa. Wata baiwar Allah, mijinta ya rasu a haɗarin mota, aka yi sulhu aka biya diyya ta hannun lauya. Kuɗin suka faɗa asusunsa na kansa a makon da mai gidan haya ya matsa, kuɗin makarantar yara kuma ya zo. Ya taɓa kaɗan da niyyar mayarwa idan wani aiki ya biya. Aikin bai biya a kan lokaci ba. Matar tana zuwa da goyo, ta zauna a benci tun safe, ta ƙi shan ruwan da na kawo don kunya, a ƙarshe a ba ta wani abu a ce saura sai wani mako. Sai da aka yi wajen shekara kafin ta karɓi haƙƙin marayunta, guntu-guntu, yadda ba za su sayi ko ɗaki ɗaya ba, alhali da a dunƙule suka zo da ta samu inda za ta sa kanta. Lauyan bai taɓa ɗaukar kansa ɓarawo ba. Sai dai da matar ta san hanyar kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, da ke zama a Abuja, wanda ke da ikon soke sunan mutum daga rajista ko dakatar da shi ko sa shi ya mayar da kuɗi, da niyyarsa ta mayarwa ba ta cece shi ba. Asusu daban katanga ce tsakanin mutumin kirki da ranar da ya matsu. Me zai hana reshen nan ya ce duk mai ofis ya nuna shaidar banki cewa yana da shi, sau ɗaya a shekara, lokacin da ake biyan kuɗin lasisi kafin 31 ga Maris?

A kan kuɗi har ila yau, a ja kunnen matasa game da masu zuwa da tsabar kuɗi a baƙar leda su ce a rubuta musu cinikin fili yanzu-yanzu. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani sama da miliyan 10, ba ta hannun banki ba. Ƙa'idojinku na 2023 kuma sun ware babi guda a kan lauya ya san wanda yake wa aiki. Kwafin katin shaida a cikin fayil ba ya rage wa kowa daraja.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk shekarun nan shi ne, mutanen da sana'arsu ita ce rubuta wa wasu yarjejeniya, su ba sa rubuta tasu. Mutum ya zo, a yi magana, a ce kawo kaza. Shi ya ɗauka kuɗin har ƙarshen shari'a ne, har ɗaukaka ƙara. Lauya kuma a ransa kafin alƙalami ne. Bayan wata shida sai ka ji murya ta tashi a ofis. Mu da aka umarce mu a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, da mu rubuta bashi komai ƙanƙantarsa, ai bai kamata mu jira wata ƙa'ida ta tuna mana ba. Ku fitar da takarda mai shafi ɗaya da sunan reshe, gaba Turanci, baya Hausa: wane aiki aka ɗauka, a wace kotu zai tsaya, nawa ne ladan lauya, nawa ne kuɗin shigar da takardu, wa ke biyan mota idan za a je Azare ko Jos, da layi ɗaya da ke cewa lauya bai yi alƙawarin nasara ba. Na nace a kan Hausa ne domin da yawa daga cikin masu zuwa ofisoshinku sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta ajami, suna lissafin miliyoyi a kasuwar Muda Lawal, Turancin kotu ne kawai ba sa ji. Ana ba su takardar rantsuwa su dangwala yatsa ba a karanta musu ba, ba a rubuta a ƙasa cewa an fassara musu ba, sai sun shiga akwatin shaida lauyan ɗaya ɓangaren ya tambaye su abin da ke sakin layi na bakwai su yi zuru. Nan take alƙali ya fara yi musu kallon maƙaryata.

Haka takardun asali. Takardar shaidar mallakar fili, takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, takardar rabon gado da ta tsufa har ta yi ja. Mutum ya kawo a cikin leda biyu saboda ruwan sama, a karɓa a jefa a durowa ba rasit. Na taɓa buɗe kabad bayan damina na tarar gara ta cinye rabin fayil. Yau kowa na da waya mai kamara. A ɗauki hoton kowace takarda ranar da ta shigo, a ba mai ita rasit, ta asalin a sa a akwatin ƙarfe ko a mayar masa sai ranar da kotu ta nema.

Bauchi gari ne da kowa surukin kowa ne. Lauya ya rubuta takardar ciniki wa mai saye da mai sayarwa tare, bayan shekara biyu rigima ta tashi, ya tsaya wa ɗaya. Ko babban wa ya zo ya zazzage sirrin gadon gidansu, bai dawo ba, bayan wata uku ƙanen ya zo aka karɓi aikinsa domin ba wanda ya tuna. Littafin sunaye kawai ake buƙata, a duba kafin a ce wa mutum zauna mu ji. Sirri kuwa, mu ma'aikata ne ƙofarsa. A shagon kwamfuta ake buga takardun sakin aure idan wutar ofis ta ɗauke, a bar su a kan allon mai shago. A teburin mai shayi akawu ke ba da labarin bashin da banki ke bin wani Alhaji. Tun kafin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 wannan haramun ne a aikinku, amma ban taɓa ganin an zaunar da sabon akawu an gaya masa ba. Ni ma ba wanda ya gaya mini, da kaina na gane.

Na san abin da za ku ce, kuma akwai gaskiya a ciki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu ƙara suna ɓoye wa lauya rabin labari. Suna zuwa saura kwana biyu wa'adi ya cika. Suna cin bashin lauya su canza layin waya. Kotu takan ƙi zama ba sanarwa, a 2021 ma ma'aikatan shari'a sun rufe kotuna wajen wata biyu suna yajin aiki. Ƙananan lauyoyi da yawa abin da ake ba su a wata ba ya kai su ƙarshensa. Duk na gani. Amma ai waɗannan su ne dalilin da ya sa rubutu ya zama dole. Lauyan da ya rubuta wa mutum, ko ta saƙon waya, cewa wa'adinka zai cika ran kaza, in ba ka zo da kaza ba ba zan iya shigarwa ba, ya wanke kansa a gaban Allah da gaban kowane kwamiti. Wanda bai rubuta ba, ko da shi ke da gaskiya, bakinsa ne da na mai ƙara.

Kada kuma shirun mutanenmu ya ruɗe ku. Sashe na 9 na dokar lauyoyi ya faɗa ƙarara cewa ana iya neman diyya daga lauya a kan asarar da sakacinsa ya jawo, kuma duk yarjejeniyar da ta ce ba za a nema ba ɓatacciya ce, sai in kyauta ya yi aikin. Kariyar da ta rage masa ita ce ta abin da ya yi a gaban alƙali. Mantuwa da wa'adi kuwa a ofis ake yin ta, haka ɓatar da takarda, haka rubuta cinikin fili ba a je ma'aikatar filaye an bincika ba, ko ba a nemi amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta shar'anta ba. A Ingila, inda aka ɗauko wannan kariya, babbar kotunsu ta soke ta tun shekarar 2000, kuma ofishin lauya ba ya buɗe ƙofa can sai da inshorar da za ta biya aƙalla fam miliyan 2 idan ya yi wa wani ɓarna. Iyayenmu suna cewa sun bar wa Allah. 'Ya'yansu sun yi boko, suna da Facebook, wasunsu ma lauyoyi ne. Ranar da aka ci wani ƙaramin ofis tarar kuɗin fili a unguwar GRA, mai ofishin gidansa zai sayar. Ban taɓa aiki a ofishin da ke da irin wannan inshora ba. Ga waɗanda ke ƙyamar inshora saboda addini, yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan, kuma in reshe ya je da sunan mambobinsa a dunƙule, zai fi samun sauƙi a kan kowa ya je shi kaɗai.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa jin an tattauna ba, ga shi kuma kullum yana faruwa. Lauya mai ofis shi kaɗai ya rasu. A yi zaman makoki, ƙungiya ta yi zama na musamman a kotu a yabe shi, a watse. Ofis yana kulle, makulli yana hannun iyali da ba su san komai a kan fayil ba. Wa'adi yana tafiya, ba ya zaman makoki. Bayan wata shida mai gidan haya ya fasa ƙofa ya tara takardun mutane a baranda. Ya kamata kowane mai ofis ya rubuta wa reshe sunan abokin aikin da zai karɓi fayilolinsa in ta Allah ta kasance, reshe kuma ya tura mutum biyu cikin makon farko su tantance masu gaggawa.

Roƙona mafi girma shi ne a kan faɗin gaskiya idan an yi kuskure. Wanda bai taɓa kuskure ba bai taɓa aiki ba. Abin da ya kashe shari'ar Baba ba mantuwar farko ba ce kaɗai, ana iya gyara ta. Kunya ce ta hana maigida buɗe baki, kuma ba shi da wanda zai je wa a asirce ya ce, "Na yi ɓarna, yaya zan yi?" Ku manya, waɗanda gashin kanku ya yi fari a wannan aiki, ku ware mutum uku ko huɗu da kowane lauya zai iya zuwa wurinsu ba tare da maganar ta fita ba. Ku kuma buɗe ƙofa a sakatariyar reshe inda talaka zai kawo kukansa da Hausa a saurare shi, a kira lauyan a ji nasa, tun kafin abu ya kai Abuja ko ya kai gidan rediyo. Da yawa daga cikin ƙorafe-ƙorafen nan kiran waya ɗaya ne zai kashe su, domin mutum so yake kawai a gaya masa inda shari'arsa ta kwana.

Idan kuma kun shirya taron ƙara wa juna sani na bana, ku ware rabin yini saboda akawuna da sakatarori. Mu ne ke karɓar takarda, mu ne ke rubuta rana, mu ne ke fuskantar mai ƙara idan kuna kotu, amma ba a taɓa kiran mu an koya mana komai ba. Littafin wa'adin da muka yi amfani da shi a ofishina na ƙarshe, na zana irinsa babu sunan kowa a ciki, yana nan a wurina. In kun ba ni minti 20 zan zo da shi in nuna wa yaran yadda ake cika shi.

Wassalam.

Naku,
Tsohon akawun ofishin lauya,
Bauchi.